Ƙarfen da Ake Rainawa

A Dandamisa, cikin Ƙaramar Hukumar Maƙarfi, hunturu lokacin kuɗi ne. Rake ya nuna, manyan motoci suna lodinsa zuwa birane, hayaƙin masu dafa mazarƙwaila yana tashi daga bakin gonaki, kuma duk wanda ya daɗe yana jinkirta gyaran gida sai ya tuna da shi. A lokacin ne ake sauya kwanon rufin da damina ta tona wa asiri, a yi wa shago sabuwar ƙofa, a ɗora faifan sola a kan ɗaki. Daga Ikara har Hunƙuyi, rumfunan masu walda da na maƙeran gwangwani ba sa rabuwa da ƙara tun safe har magariba.

A irin wannan lokaci wani ma'aikacin gwamnati, ɗan garin da ke aiki a Kaduna, ya zo gida hutun ƙarshen mako. Ya saya wa mahaifiyarsa sola, an haɗa, wuta ta kama. Abin da ya rage shi ne akwatin da za a ajiye batirin a ciki, don kare shi daga ƙura da hannun jikoki. Akwatin yana buƙatar kafofin shan iska, domin batir mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta idan yana caji, yana kuma buƙatar kafar da waya za ta bi. A hanyarsa ya tsaya a kasuwar Sabon Gari ta Zariya ya sayi injin huji mai batir, sabo fil a kwalinsa. Yana da digiri biyu, ya kuma kalli yadda ake aikin a waya. Bai ga dalilin kiran kowa ba.

Ya samo guntun langa-langa mai faɗin kamu ɗaya da rabi, ya ɗora a bakin bokiti don tsinken hujin ya sami wurin faɗawa idan ya ɓulla. Ya danne gefe da hannun hagu, ya ɗora tsinke mai kaurin milimita 10, ya ja kunamar injin. Na ɗan lokaci komai ya tafi daidai. Sai ƙarar ta sauya, langa-langar ta ƙwace daga ƙarƙashin tafinsa, ta hau tsinken, ta shiga juyawa tare da shi. Kafin ya saki kunamar, gefenta ya ratsa tsakanin babban yatsansa da manuni. An yi masa ɗinki shida da allura a asibiti, ma'aikacin da ya duba shi kuma ya ce ya gode wa Allah da yankan bai kai ga jijiyar da ke motsa yatsan ba.

Da yamma kawunsa ya zo dubiya. Dattijon ya shafe fiye da shekara arba'in yana ƙera mazurari da bokiti da murhu da akwatunan ƙarfe, kuma yatsunsa goma suna nan cif. Ya zauna a kan tabarma, ya yi masa sannu, ya sa aka kawo guntun langa-langar ya jujjuya shi.

“Allah Ya kiyaye gaba, ɗana. Amma gaya mini, da me ka riƙe kwanon?”

“Da hannu, Kawu. Ai ba shi da wani nauyi.”

“To, rashin nauyin nasa ne ya yanke ka.”

Abin da ke faruwa a bakin tsinke

Maganar dattijon tana da lissafi a bayanta, ko da yake shi ba da alƙalami ya koye ta ba. Tsinken huji irin wanda kowa ya sani yana da tsini a gaba, sannan kwari biyu da suka murɗe a jikinsa kamar igiya. Tsinin galibi an wasa shi ne a kusurwa mai digiri 118. A tsinke mai kaurin milimita 10, wannan yana nufin daga ƙarshen tsini zuwa inda cikakken faɗin tsinken ya fara akwai kimanin milimita 3. Kwanon rufi da yawancin langa-langar da ake aiki da ita a rumfunanmu kuwa ba su wuce rabin milimita ba, wasu ma ba su kai ba.

Idan ana huda ƙarfe mai kauri, tsinin yana nutsewa a hankali har kafaɗun tsinken su shiga ciki, bangon kafar ya rungume shi ya riƙe shi a tsaye. A langa-langa hakan ba ta samuwa. Tsinin yana ɓulla ta ƙasa tun kafaɗun ba su taɓa ƙarfen ba. Da ya ɓulla, babu sauran abin da ke tsayar da shi a tsakiya, sai ya shiga rawa. Shi ya sa kafar takan fito da kusurwa uku maimakon zagayayya. Mafi muni, bakunan yankan sukan cafki siririn gefen da ya rage, murɗiyar jikin tsinken kuma ta yi aiki irin na noti, ta jawo langa-langar sama. Daga wannan lokaci ƙarfen ya daina zama abin da ake hudawa, ya koma wuƙa mai juyawa.

A ce injin yana juyi 900 a minti ɗaya. Juyi 15 ke nan a daƙiƙa guda. Mutum mai lafiya yana buƙatar kusan rubu'in daƙiƙa kafin abin da idonsa ya gani ya isa yatsansa, wato langa-langar ta zagaya kusan sau huɗu kafin ya saki kunama. Idan gefenta yana da nisan santimita 15 daga tsinken, gudun wannan gefe ya kai kimanin kilomita 50 a awa. Babu tafin hannun da zai tare shi. Ƙarfe mai kauri da nauyi yakan tsaya inda aka ajiye shi, idan tsinke ya cije sai dai injin ya murɗe wa mutum wuyan hannu. Siririn ƙarfe ba shi da nauyin da zai tsayar da shi, ga shi kowane gefe nasa reza ne. Hausawa sun riga sun faɗa: ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Kayan aiki biyu da suka haɗu a makare

Kwano da injin huji ba tare suka zo ƙasar Hausa ba, kuma ba don juna aka ƙirƙire su ba. Kwano mai tudu da kwari an yi masa rajistar ƙirƙira a Landan a 1829, da sunan injiniya Henry Robinson Palmer. A 1837 Bafaranshe Stanislas Sorel ya yi rajistar hanyar lulluɓe ƙarfe da tutiya don hana shi tsatsa. Bayan da layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, kwano da garwar kananzir suka riƙa shigowa Arewa da yawa. Garwar nan ita ce makarantar maƙeran gwangwani na farko. Daga jikinta suka koyi yanka da lanƙwasa da huda siririn ƙarfe.

Hanyarsu ta huji ba ta da juyi ko kaɗan. Sukan shimfiɗa ƙarfen a kan gungumen itace, su ɗora ƙusa ko tsinken ƙarfe mai tsini, su buga da guduma sau ɗaya. Kafar ba ta fita da kyau sosai, takan bar tozo a baya, amma ƙarfen yana kwance, itace yana tallafe da shi. Har yau da haka ake huda gindin murhu da abin gogar rogo, inda tozon ma shi ne ake nema.

Shi kuwa tsinke mai murɗiya, Ba'amurke Stephen Morse ne ya yi masa rajista a 1863, don masana'antun da ke huda ƙarfe mai kauri, wanda ake ɗaurewa tam a kan teburin inji. An yi rajistar injin huji mai lantarki a Melbon ta Ostireliya a 1889, sannan a 1917 kamfanin Black & Decker ya sami rajistar wanda ake riƙewa kamar ƙaramar bindiga, da kunama a ƙarƙashin yatsa. Yanzu da batir ya 'yantar da injin daga jiran wutar lantarki, ya shiga hannun malamin makaranta da ma'aikacin ofis da yaron shago. Injin ya iso ƙauye, amma teburin da matsin da aka ƙirƙire shi tare da su sun tsaya a masana'anta. Maƙerin gargajiya yana da gungume ba shi da inji. Ɗan boko yana da inji ba shi da gungume.

Yadda dattijon ya yi aikin

Bayan mako biyu ma'aikacin ya dawo, an cire zaren ɗinki. Ya ɗauki injin da sabon guntun langa-langa ya tafi rumfar kawunsa. Dattijon bai taɓa injin ba tukuna. Ya fara da neman katako.

Ya shimfiɗa falle mai kauri, busasshe, marar ƙusa a ciki, ya ɗora langa-langar a kai ta kwanta sosai, ba ta lilo a ko'ina. Katakon yana aiki uku. Yana hana ƙarfen lotsawa idan an danna. Yana karɓar tsinin idan ya ɓulla, ya riƙe shi a tsakiya kamar yadda ƙarfe mai kauri zai yi. Yana kuma rage kaifin da ke tashi a bayan kafa. Idan langa-langar ta yi siriri ƙwarai, ko ana son kafa mai tsabta, sai a sa ta tsakanin katako biyu a huda su gaba ɗaya.

Sai ɗauri. Ya matse ƙarfen da katakon a jikin benci da matsi guda biyu irin na kafintoci, ɗaya a kowane gefe, domin matsi ɗaya yana iya zama madogarar da ƙarfen zai juya a kanta. Ya ce inda babu matsi, filaya mai kullewa tana yi. Inda babu ita, a kafa ƙusoshi a jikin katakon dab da gefunan ƙarfen, a lanƙwasa kawunansu su danne shi. Abin da bai yarda da shi ba shi ne hannu, ko ƙafa, ko a kira yaro a ce ya danne.

“Yaron da ka ce ya riƙe maka,” in ji shi, “shi za ka kai asibiti, kai kuma ka dawo ka yi wa uwarsa bayani.”

Daga nan ya auna, ya yi alama, ya ɗora ƙusa mai tsini a kan alamar ya buga a hankali sau ɗaya. Ɗan lotsin da ya bari shi ne masaukin tsinke. Ba tare da shi ba tsinken yakan zame a kan santsin ƙarfe ya yi yawo, mai aiki kuma ya ƙara dannawa don ya tsayar da shi, ƙarin dannawar ce ke sa ya faɗa da ƙarfi idan ya ɓulla.

Ya fara da ƙaramin tsinke mai milimita 3. Ƙananan tsinkaye ba su cika cafka ba, saboda tsininsu gajere ne. Da aka zo faɗaɗa kafar da waya za ta bi, sai ya buɗe wani gwangwani ya fito da abin da ma'aikacin bai taɓa lura da shi a kasuwa ba: tsinke mai siffar mazurari, an yanka jikinsa hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa da lambar faɗinsa. Ana samunsa daga milimita 4 zuwa 12, ko zuwa 20, ko zuwa 32. Don siririn ƙarfe aka yi shi. Kowane hawa yana cin kaɗan ne kawai, hawan da ya riga ya shiga yana riƙe da shi a tsakiya, mai kwari miƙaƙƙe kuma ba ya jawo ƙarfen sama. Kafar tana fita zagayayya, hawa na gaba ya share mata baki. Duk kafar da ta wuce milimita 6 a langa-langa, shi ya fi dacewa da ita.

Ya sa injin a ƙaramin gudu. Ƙa'idar ita ce, gwargwadon faɗin tsinke, gwargwadon rage gudu, domin gefen babban tsinke yana cin tafiya mai tsawo a kowane juyi. Ya ɗiga mai kaɗan a wurin. Ya riƙe injin da hannu biyu, a tsaye sak, yana dannawa daidai wa daida, da ya ji ƙarfen ya kusa ɓullewa sai ya sassauta. Idan ɓurɓushin ya fara fita shuɗi, ko hayaƙi ya tashi, zafi ya yi yawa, bakin tsinke yana dakushewa, dakusasshen tsinke kuwa shi ke sa mutum ya danna da ƙarfin da bai kamata ba. Alminiyon yana da laushi amma yakan manne wa tsinke, ɗigon kananzir yana hana shi. Ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na tukwane da tankunan zamani, yana ƙara tauri idan tsinke ya tsaya yana gogarsa ba ya ci, don haka yana son gudu kaɗan, da mai, da dannawa marar yankewa.

Da aka gama, ya ɗauki babban tsinke a hannu, ba a jikin inji ba, ya murza shi a bakin kowace kafa ya kankare kaifin, ya bi gefunan da magagari. A kafar waya ya sa zoben roba. Bakin langa-langa yana cin rigar waya a hankali, wata da watanni, ranar da ya kai ga tagullar ciki, batirin sola yana da ƙarfin da zai mai da wayar garwashi. Ɓurɓushin kuma ya share shi da tsintsiya. Bai shafe shi da tafi ba, bai hura shi da baki ba.

Tufa, ido da rufin ɗaki

Kafin ya fara duk wannan, dattijon ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye, ya naɗe hannun 'yar cikinsa. Duk abin da ke lilo, hannun riga ko jelar rawani ko carbi, abin da ke juyawa yana iya kama shi ya jawo mai shi. Safar hannu ma haka take. Tana da amfani wajen ɗaukar kwano da jera shi, amma kusa da tsinke mai juyi haɗari ce, musamman a injin da ke kafe a tebur: fata takan yanke ta kuɓuta, safa kuwa takan naɗe ta ja yatsu ciki.

Abin da ya sa a fuskarsa shi ne gilashin kariya mai rufe gefe, wanda kuɗinsa bai kai na tsinke mai kyau ba. Ɓurɓushin ƙarfe idan ya maƙale a baƙin ido yana fara tsatsa cikin sa'o'i, ya bar zobe a wurin da sai likita ya kankare. Murza ido, ko neman a ciro shi da tsinken ashana ko da harshe, ƙara rauni ne. A rufe idon a tafi asibiti a ranar. Idan abin ya yi tsanani, tafiya ce zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna, da kuɗin mota da na magani da kwanakin da rumfa za ta yi a rufe a tsakiyar kakar ciniki. Yanka kuma, ko ƙarami ne, yana buƙatar wanki da ruwa mai tsabta da sabulu, da tambayar yaushe aka yi allurar tsinkau-tsinkau ta ƙarshe. Ƙwayar cutar ba tsatsa ke haifar da ita ba. Tana zaune ne a ƙasa da kashin dabbobi, waɗanda ba a rasa su a tsakar gidan manomi.

A kan rufi ƙa'idar ba ta sauya ba, sai dai an ƙara mata tsayi. Kwano mai tudu da kwari a tudunsa ake huda shi, domin kwarin hanyar ruwa ce. Ana takawa ne a layin ƙusoshi, inda katako yake a ƙasa. Kafin a huda don kafa faifan sola, a leƙa ciki a ga inda wayoyin ɗakin suka bi. Fallen da ba a kafe ba, iskar hunturu tana iya ɗaga shi ta yi jifa da shi cikin gida. Ɓurɓushin da aka bari a kan rufi kuma yana tsatsa da raɓar farko, ya ɓata tutiyar da ke kare kwanon. Akwai kuma abin da dattijon ya ce ko nawa aka biya shi ba ya yi da gaggawa: huda durom ɗin da ya taɓa ɗaukar fetur. Durom ɗin da ake gani babu komai a ciki cike yake da tururin mai, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Wanda bai san yadda ake tsarkake shi ba, ya bar shi.

Aikin gaba ɗaya bai kai rabin awa ba, kuma fiye da rabin lokacin ya tafi ne kafin injin ya yi juyi ko ɗaya. Ma'aikacin ya tsaya yana kallon kafofin, zagayayyu, a jere, babu wadda za ta karci yatsa. Ya ciro kuɗi, dattijon ya ture hannunsa.

“Riƙe abinka, ɗana. In kana son ka biya ni, ga yaran can.”

Ya nuna rumfar walda da ke tsallaken hanya, inda wani yaro da bai wuce shekara goma sha huɗu ba ya durƙusa, ya take fallen kwano da ƙafarsa cikin silifa, ogansa yana saita injin a kai. Ma'aikacin ya sha wucewa ta gaban irin wannan rumfa, ya sha ba da aikin ƙofa da taga, bai taɓa kallon ƙafar da ke riƙe da ƙarfen ba. Mako na gaba, da ya biyo ta Sabon Gari, ya sayi matsi guda huɗu da gilashin kariya uku da tsinke mai hawa-hawa ɗaya. Ya ba kawunsa ya kai musu, domin ya san daga bakin dattijo za su fi ji.

Akwatin yana nan a ɗakin mahaifiyarsa, batirin yana ciki yana shan iska. Tabon kuma yana nan tsakanin yatsunsa biyu, daidai inda alƙalami ke zama.